Farkon Fim Ɗin Da Goggo Ba Ta Gani Ba

Goggo ba ta zama a farkon fim. Na daɗe da lura da haka, amma ban taɓa jin wani ya ambata ba. In aka kunna talabijin sai ta tsaya a bakin ƙofar falo, hannu ɗaya a jikin katako, kamar wadda ta zo wucewa. Sai labari ya yi nisa, an riga an san wane ne mugu, sannan ta shigo a hankali ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. 'Ya'yanta sun ɗauka aikin kicin ke riƙe ta. Babu wani aiki, jikinta ne ya saba.

Yayar babana ce. Da ƙuruciyarta ita ke sayar da tikiti a gidan silimar bayan tashar mota, wanda yanzu ya zama ɗakin ajiyar taya. Inda take zama bai fi kabad girma ba: doguwar kujera, fanka mai ƙara, da taga mai ƙarfe wadda hannu kaɗai ke shiga. Ƙa'idar gidan ita ce ba a rufe taga sai makararru sun gama zuwa, su kuwa ba sa ƙarewa. In ta samu ta rufe, sai ta zagaya ta ƙofar baya ta tsaya jikin labule. Shi ya sa duk fim ɗin da aka nuna a gidan ta san ƙarshensa, ba ta san farkonsa ba.

Yawancinsu ba su dame ta ba. "Na soyayya ko daga wutsiya kika kama, kin san inda aka fito," in ji ta. Guda ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wani tsohon fim na 'yan sama jannati. Duk lokacin da ta shigo, sai ta tarar da wata mata ita kaɗai a gidan ƙarfe, a wata duniya mai rana biyu. Ba kowa sai wani mutum-mutumi mai hannu ɗaya da ke bin ta a baya. Kullum matar takan hau dogon tsani ta goge wata babbar fitila, ta sauko. A ƙarshe wani kumbo ya zo wucewa, ya rage gudu, ita kuma ta tsaya tana kallonsa har ya ɓace, ba ta kunna fitilar ba.

Goggo ta kalli wannan ƙarshen har ta haddace. Abin da take son sani guda ne: barin matar aka yi, ko ita ta ce a tafi a bar ta?

Wanda ya sani shi ne mai kunna majigi, da take kira Na Sama, saboda ɗakinsa a saman bene yake. Shi kuma yana kiranta Ta Taga. Kafin ya tayar da inji yakan tsokane ta da tambayar ko ta rufe taga, alhali ya san ba ta rufe ba. Ya sha saukowa da kofin shayinsa ya jingina da ƙarfen taga ya ce, "Yau dai bari in faɗa miki, kin ba ni tausayi." Sai ta toshe kunnuwa.

"Ka faɗa ka gani, in ban hau na zuba maka ruwa a inji ba. Ba na son labarin baki. Da idona zan gani."

Ta ɗauka ranar hutunta za ta shiga ta ƙofar gaba kamar kowa. Kafin ranar ta zo aka ɗauke fim ɗin zuwa wani gari. Bayan wasu shekaru aka rufe gidan.

Daga nan jira ya fara. Da kaset ya shigo ta tambaya, aka ce bai fito ba. Da faifai ya shigo ta koma. Mai shagon faifan layinsu ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya gaji tambayar Goggo da ita. Da ya hango ta sai ya fara murmushi.

"Iya, matar nan taki har yanzu ba ta sauko daga sama ba."

"Kai ma har yanzu ba ka yi hankali ba, ina jiran ku duka biyu."

Na koma zama wurinta bayan na gama jami'a na sami aiki a garin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku kowa yana wani gari mai nisa. Sukan kira a ƙarshen mako, su ce ta komo wurinsu, ta ce gwiwarta ba ta son bene, su ce to ita ta zaɓa. In ta ajiye waya sai ta daɗe tana goge fuskarta da gefen mayafi, wayar nake nufi. Gidan yana da ɗakuna huɗu, biyu a kulle.

Ni na nemo mata wani zaure a intanet, na masu son irin waɗannan tsofaffin fina-finai. Ba su da yawa, kuma kusan duk tsofaffi ne, kowa daga ƙasarsa yana roƙon wani kamfani da ke gyara tsofaffin fina-finai ya fitar da nasa a faifai. Fim ɗin Goggo hoton tallarsa kawai ke akwai, ya koɗe. Mutum biyu sun ce sun kalla suna yara, sun kuma yi ta musu kan ko mutum-mutumin hannun dama ne ba shi da shi ko na hagu.

"Na hagu," in ji Goggo. "Rubuta musu. Ki ce wadda ta sani ce ta faɗa."

Na rubuta. Wani ya amsa da godiya, ta sa na karanta mata sau biyu.

Da kamfanin ya ce zai sanar da fina-finan bana, Goggo ta saya wa na'urar faifai sabuwar wayar wuta, ta ɗinka mata murfi. Ranar sanarwar ina shirin fita aiki na duba jerin sunayen a wayata. Na sake dubawa daga ƙasa zuwa sama. Tana tsaye da tsintsiya tana kallon bakina.

"Babu, ko?"

"Sun ce akwai wasu baɗi, Goggo."

"Haka suka ce bara."

A makon ne ta haɗu da matar ɗan Na Sama a kantin magani. Matar ta ce tsohon ya fara mantuwa, jiya jikarsa ya tambaya 'yar waye ce.  Ranar Asabar da hantsi ta ɗauko mayafinta na fita ta ce in raka ta gidansa.

Mun same shi a zaune kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo duk da ba a sanyi. Matar ɗansa ta sunkuya ta ce, "Baba, ga baƙi," ta fita. Ya dube ni bai gane ba. Ya dubi Goggo.

"Ta Taga. Kin rufe? In tayar?"

"Na rufe tuntuni, tsoho."

"Makararru fa?"

"Duk sun shiga."

Ta ja kujera kusa da shi. Na ga yadda ta damƙe jakarta a kan cinya.

"Na Sama, fim ɗin matar nan mai fitila. Faɗa min farkonsa."

Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. "Wayo. In faɗa ki jiƙa min inji, manaja ya kore ni."

"Na yafe maka. Faɗa."

Ya fara. Ya ce akwai kumbo, sai kuma ga dawakai, ga wani mai hula yana harbi daga kan jirgin ƙasa. Goggo ta ce ba wannan ba, mai rana biyu. Ya yi ta murza bakin bargo, har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Akwai tebur," ya ce. "Dogo. Mutane cike, ana cin abinci, ana ta dariya. Ita ke zagayawa tana zuba musu ruwa. Abin nan na ƙarfe ma hannunsa biyu a lokacin."

"Sai me?"

"Daga nan hoton yakan yi rawa. Kullum a wurin nan. Sai in koma kan inji."

"Da ka ɗago fa?"

"Da na ɗago sai in gan ki jikin labule." Ya dube ta da kyau. "Kin rufe? In tayar?"

Goggo ta gyara masa bargon. Ta ce, "Tayar."

Muka shiga motar haya, muka wuce gada. Tana kallon waje ta ce, "Ashe da mutane." Can kuma ta ce, "Ban tambaye shi ko ita ma tana dariya ba." Na ce za mu iya komawa wani makon. Ta girgiza kai.

"Ki daina duba min wayar nan kullum, kina makara aiki. In ya fito za a ji."

Da muka isa gida hadari ya fara haɗuwa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta wuce bayan gida ta kwashe shanya, ta zauna a bakin gado ta ninke su ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.