Yaya Bashiru da Tambayar Baffa

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Bashiru, amma maganar da ta raba shi da gidanmu ba ta mutu ba.

Gidanmu a Illela gidan malamai ne. Baffa Malam Sani, ƙanen mahaifinmu, shi ke riƙe da Islamiyyar gidan, Yaya kuma yana koyar da manyan ɗalibai, har da ni. Ya lura muna iya karanta Turanci, amma in aka yi mana magana da shi sai mu yi zuru. Sai ya fara kunna mana bidiyon malamai masu wa'azi da Turanci kan ƙissoshin annabawa a wayarsa. Ya ce tunda mun san ƙissar Annabi Yusuf, kunne kaɗai ya rage ya saba. Yakan tsayar, ya maimaita, ya ce mu faɗi abin da muka ji.

Ba a jima ba gari ya ɗauka wai Yaya yana shigo da baƙuwar aƙida. Wani dattijo daga Kalmalo ya janye 'ya'yansa mata. Baffa ya kira Yaya zaure gaban manya, mu muna laɓe bayan ƙofa.

"Wanga mutum da kake kunna ma ɗiyan mutane, wa ya karantar da shi?"

"Baffa, harshe nike koyarwa. Kuma sai na saurara kafin in kunna."

"Ba shi na tambaye ka ba. Wa ya karantar da shi?"

Baffa ya ce wa Yaya ya zaɓa, ko wayar ko makarantar. Washegari Yaya ya koma wata rumfa kusa da kasuwa, kaɗan daga cikinmu muka bi shi. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa shi da Baffa, har ciwon hanta ya ɗauke shi. Baffa ne ya yi masa salla.

Da Yaya zai ga yau, da kowa ke ɗora wa'azi, har da muryoyin jabu, ina jin da ya yarda tambayar Baffa tana da nauyi. Amma ni ungozoma ce yanzu, in likita ya ba da umarni da Turanci cikin gaggawa, ba na cewa a maimaita. Daga rumfar nan na samo wannan.

'Ya'yan da Yaya ya bari biyu suna karatu gaban Baffa da safe, da yamma su zo wurina mu saurari bidiyo. Baffa ya sani. Bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Duk ranar da na durƙusa gaishe shi ya ɗago ya dube ni, sai in ce yau ce zai yi mini tambayar da ya yi wa Yaya.