Ƙafar Inna Mai Keke

Shekara talatin da biyu Inna Mai Keke ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago da bai fi akurki ba. Da shi ta raini 'ya'ya huɗu, ta ɗinka wa rabin unguwa kayan makaranta, ta kuma san faɗin ƙugun kowace mace a layin, shi ya sa ba mai yi mata fankama. Da kayan kanti suka cika kasuwa, aiki ya koma facin wando. Babban ɗanta ya ce ta rufe shago ta dawo gidansa ta huta. Wai hutu! Jikoki shida, ga suruka mai neman wanda za ta miƙa wa goyo.

Ana cikin haka wani kamfanin ɗinka kayan ma'aikata ya haɗa kai da makarantar koyon sana'a. Wata uku za a koyar da keken lantarki, wanda ya ci jarrabawa kamfani ya ɗauke shi. Inna ta riga kowa zuwa. Ta kuma yi wa ɗan nata alkawari, in ta faɗi, ta yarda da hutun nasa.

Ta shiga aji tana yauƙi, ta zauna cikin sa'o'in autarta. Malamar, wata siririya mai tabarau, ta ce a taka a hankali. Inna ta taɓe baki. Ita za a koya wa taka keke? Ta ɗora ƙafa ta kama abin da ta saba, gaba, baya, gaba, baya. Shi kuwa na lantarki dannawa ɗaya yake so, a riƙe. Ya zabura, ya tsaya cak, ya sake zabura, ya cafko bakin mayafinta ya ɗinke shi da ƙyallen gwaji.

"Mama, ɗaga ƙafa!" in ji malamar.

"Na ɗaga, 'yar nan, ita ce ta koma!"

Aji ya kece da dariya. Inna ma har da hawaye, kanta a sunkuye ana warware ta.

Sati uku ana wannan. Hannu gwani, ƙafa kunnen ƙashi.

Maigidanta tsohon direban babbar mota ne, rabon da a nemi shawararsa a gidan har ya manta. Da ya ji labari sai ya miƙe zumbur.

"Ai totur ɗin mota ne wannan! Yau ranata ce."

Ya jiƙa soso ya ajiye a gabanta.

"Taka, amma kada ki matse ruwan duka. Ki ɗauka ƙwai kika yi lodi."

"Kai da ka faɗa rami sau biyu?"

"Sau ɗaya ne. Na biyun ramin ne ya zo ya same ni."

Kullum da safe ana taka soso, yana tsaye yana "sassauta, ƙara wuta" kamar ya samu ɗan koyo. Ƙafar dama ta ladabtu. Ta hagu kuwa ta ce ba da ita ba, sai Inna ta sauke ta ƙasa ta bar ta tana bugun siminti.

Ranar jarrabawa aka ba kowa aljihu ashirin ya ɗinka. Shugaban ɗinki na kamfanin ya zo zagaye, ya tsaya a kanta yana kallon ƙafar tana tafka rawa ita kaɗai.

"Mama, lafiya?"

"Tsohon aikinta take, ƙyale ta. Aljihu aka aiko ka dubawa."

Ya ɗauki ɗaya ya ja, ya juya, ya ɗora awo. Ya ɗauki wani. Ya ɗaga wa haske yana neman abin cewa, bai samu ba. Da aka kira sunayen waɗanda aka ɗauka, nata ne na uku. Ta rangaɗa guɗar da ta sa mai gadi leƙowa.

Yanzu tana layi na biyu, kusa da taga. Kafin wata ya ƙare 'yan matan layin duk sun kwashi bugun ƙafar ba su sani ba. Sau biyu ana kiran makanike ya zo ya nemo abin da ke ƙwanƙwasa a cikin kekunan.