Jan Zaren da Burga Ta Ɗaura wa Kopi

Firmina tana wanki a gidan 'yarta da ke garin Ende, hannunta duk kumfa, aka miƙo mata waya. Ƙanin ƙawarta Walburga ne, wadda ake kira Burga. Ya ce Burga ta cika da safe a asibitin Maumere, bayan kwana uku ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Firmina ba ta tambayi ciwon ba. Ta kife bokiti ta zauna a kai, don ta riga ta sani.

Tare suka tashi. Firmina ce mai rini, Burga mai saƙa, kuma duk ƙauyen babu mai hannunta. Mijin Burga ya fita kamun kifi teku ta riƙe shi, haihuwa kuma ba ta zo ba. Abokin zamanta wani baƙin kare ne, Kopi, mai kwana a kan ƙafarta in tana saƙa. Masara da kifin da ta dafa, biyu take rabawa.

Da masu rigakafin haukan kare suka zo, Burga ce farkon layi. Duk karen da aka yi wa allura sai a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, wanda aka gani yana yawo babu ƙyalle kuma a kashe shi. Ba a yi rabin sa'a da yi wa Kopi allurar ba fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe, yana amai, numfashi na sarƙewa. Likitan dabbobi ya yi masa wata allurar, ya farfaɗo. Likitan ya ce jikin karen ne bai karɓa ba, ba kasafai hakan ke faruwa ba. Baɗi ta tuna masa, zai fara ba shi magani, ya zauna ya lura da shi.

Burga ta ce to. Amma ranar ba ta bar idonta ba. Da shekara ta zagayo ta ɓoye Kopi a rumbun masara, ta zo wurin Firmina.

"Ba ni jan zare, mai kyau, ba irin wanda kike cutar baƙi da shi ba."

"Me za ki yi da shi, tsohuwa?"

"Ɗana zan yi wa ado."

Firmina ta gane, kuma ta bayar. Burga ta saƙa ƙyallen da ya fi na masu allura kyau. Shekara uku suna haka.

Wata biyu da suka wuce Kopi ya yi faɗa da wani baƙon kare. Daga baya ya daina ci, ya ciji Burga a yatsa tana ba shi ruwa, ya mutu. Ta wanke wurin da giyar giginya, ta ce guba aka ba shi. Zuwa asibiti na nufin faɗin gaskiyar ƙyallen, kuma akwai yaran maƙwabta da suka yi wasa da shi. Kunya ta hana ta.

Ranar tafiyar Firmina Ende, bayan cizon, Burga ta rako ta tasha, ta riƙe mata jaka.

"Burga, don Allah ki je a yi miki allurar cizon karen nan."

"Bari in sauke zanen da ke kan masaƙa."

"Taurin kanki zai kashe ni."

"Ke dai shiga mota, za a cinye miki wajen taga. Ki taho min da rogon Ende."

"Sai kin je asibiti."

"To, uwata. Na ji."