Bidiyon Geron da Bai Buɗe Ba

A gidanmu na Gangara ba a girbe gero sai Inna ta ce ya nuna. Haka na tashi na gani tun Baba na da rai. Shi ne mai gona, shi ke shan rana daga shuka har maimai, amma in zangarniya ta cika sai ya karyo biyu ya kawo mata tsakar gida. Ta murtsuke a tafin hannu, ta hure, ta jefa ƙwaya a baki. In ta ji ta yi ƙas a haƙori sai ta ce a girbe, in kuwa da sauran laushi sai ta ce a ƙara haƙuri. An ce asalin abin wata shekara ce Baba ya yi gaggawa, geron ya yi funfuna a rumbu, kakarmu ta rantse daga ranar surukarta ce za ta riƙa dubawa. Maƙwabta na yi mana tsiya, wai mu a gidanmu gero ma sai an nemo masa izini.

Ni ce 'yar fari. Aure ya kai ni Isa, inda nake koyarwa a firamare. Bayan rasuwar Baba gona ta koma hannun autanmu, wanda ya zama magidanci har da 'yarsa, amma a wurin Inna bai wuce yaron goye ba. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, muka ɗauko Inna muka dawo da ita wurina, shi kuma ya kai matarsa gidan iyayenta a Sabon Birni. Na yi masa faɗa har na gaji a kan ya biyo su. Ya ce shi ba zai yi wahalar damina guda ya bar wa tsuntsaye ba, yana girbewa zai taho. Auta yana da taurin kai irin na masu sanyin hali, yana murmushi yana ƙin abin da ka ce.

A Gangara sabis ɗin wayarmu na nan Najeriya dama ba ya zama. Akwai wani tudu arewa da gari, nan mutane ke hawa su kamo sabis ɗin Nijar da layin can. In ba Auta na kan tudun ba, ko ka kira ba za ka same shi ba. Bai yi boko ba, don haka duk zancensa da murya ne ko bidiyo, ya tura ya sauka ya koma aikinsa, washegari ya hau ya ji amsa. Saboda shi na sayi wani tsarin data da kamfanin layina ke talla a rediyo safe da yamma, wanda suka ce ba ya da iyaka, ka yi ta amfani har wata ya ƙare. Na ɗauka na huta da lissafi.

Wata ranar da la'asar ina tsince shinkafa saƙonsa ya shigo, guda biyu. Na farko gajeriyar murya ce, ta buɗe. Har yau ina da ita:

"Yaya, ki nuna ma Inna wanga. Na murtsuke, na tauna kusa ga waya don ta jiya. In ta ce ya nuna, za ni girbewa in taho."

Na biyu bidiyo ne. Hoto ne dishi-dishi, kore da fari-fari, da 'yar kibiya a tsakiya. Na danna kibiyar, ta zama da'ira tana juyawa. Inna ta jawo tabarmarta kusa da ni, ta goge idonta da bakin zane. Da'irar ta yi ta juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Can sai ga saƙo daga kamfanin da Turanci, wai na kai wani mizani na amfani, an rage mini gudu har zuwa ƙarshen wata. Na karanta na sake karantawa. Na kira lambarsu, wata murya mai zaƙi ta yi ta gode mini da haƙurina, alhali ba ni da shi. Na fita ƙofar gida na ɗaga waya sama, na hau turmi, duk a banza. Wayar maigidana ƙarama ce mai madannai, ba ta san bidiyo ba.

Na ce da Inna kawai ta ce masa ya girbe, ai shi ma manomi ne, ya san nunannen gero. Ta dube ni kamar na ce ta yi salla ba alwala.

"Ban gani ba, ban jiya ba, mi za ni ce mishi? Ki ce shi dakata har in gani. Gobe ba nisa."

Ba na ganin laifinta, kuma ban yarda kowa ya gani ba. An raba ta da ɗakinta, da rumbunta, da kabarin mijinta. Abin da ya rage mata a duniya da ake jiran bakinta a kansa shi ne geron nan. Na danna na yi masa murya, na ce bidiyon bai buɗe ba tukuna, Inna ta ce ya dakata sai ta gani. Muryar ta daɗe tana jan jiki, amma ta tafi. Na ce gobe a hanyar makaranta za ni sa wata datar mu buɗe.

Da gari ya waye babu sabis. Ba layina kaɗai ba, duk garin. Sai a rediyo muka ji gwamnati ce ta sa aka rufe sadarwa a yankinmu gaba ɗaya don a toshe wa ɓarayi hanyar magana. An hana cin kasuwannin ƙauye, an taƙaita babura, motoci suka yi wuya. Sabis ɗin Nijar kuma ba ya kawowa Isa. Tun a ranar Inna ta sauka daga kan maganarta, ta ce a aika masa ya girbe ko ɗanye ne. Na ba wani direba saƙo zuwa Sabon Birni, saƙon ya isa gidan surukansa ya tsaya a nan, don babu mai shiga Gangara. Maigidana ya kama hanya da kansa, aka dawo da motarsu daga rabin hanya, aka ce gaba ba kyau. Inna ta daina cin abincin kirki. Kullum tana zaune tana fuskantar ƙofa.

Wani maƙwabcinmu na Gangara ne ya kawo labarin, dattijo abokin Baba. Da na ga ya tsuguna a zaure ya ƙi ɗaga kai, na sani. Ya ce ɓarayin sun shigo da safe, sun sami Auta a gona, sun tafi da wayarsa da shanun mutane, an yi masa sutura tare da sauran. Muka yi salati. Inna ba ta yi kuka ba a lokacin, tambaya ɗaya ta yi, ko ya girbe. Da ma dattijon bai amsa mata ba. Sai ya ce:

"Mu duk mun girbe mun kwashe. Mun ce mishi shi yi shi fita, yac ce Inna ta ce shi dakata. Kullum sai ya hau tudu ya duba."

Ban taɓa jin zafi irin na wannan magana ba, kuma muryata ce ta kai masa ita.

Sai bayan watanni aka buɗe sabis. Mutane na ta murna a titi, ni kuwa na sa data na shige ɗaki na danna kibiyar. Wannan karon da'irar ba ta ma juya ba. Rubutu ne ya fito da Turanci, cewa wannan bidiyo babu shi yanzu, in nemi wanda ya turo ya sake turowa. Na kifa wayar a kan katifa na yi kukan da ban yi ba ranar ta'aziyya. Da Inna ta tambaya na gaya mata ya ƙi buɗewa. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon hoton dishi-dishin. Ta ce ga hannunsa nan, ga hularsa, ga zangarniya. Ni dai kore kawai nake gani.

Akwai wani zauren hira a waya na 'yan yankinmu, malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, yawancinsu suna Sakkwato da Abuja. Da sabis ya dawo zancen data ya mamaye shi. Ashe ba ni kaɗai tsarin nan ya yi wa haka ba. Wannan ya ce an yanke masa yana tsakiyar jarrabawa, wancan ya ce yana kallon ƙwallo. Sai masana suka fito, don zaure ba ya rasa su. Wani da ya karanta kwamfuta ya yi dogon bayani cewa kamfanin bai yi ƙarya ba, data ce ba ta da iyaka, ba gudu ba, kuma an rubuta a sharuɗɗa. Wani ya ce a rediyon Hausa aka yi tallan, a ina aka karanta wa mutanen Kurawa da Unguwar Lalle sharuɗɗan? Aka yi ta jifan juna da hotunan allo da ƙananan rubutu. Na sha fara rubutu a zauren, ina son in ce musu ku da kuke gardamar gudu, ni ƙanena na rasa. Sai in goge.

Daga ƙarshe wani lauya ɗan yankinmu ya ce zai shigar da ƙara a madadin duk wanda abin ya shafa. A ranar wani ya rubuta cewa duk abin da aka tura ta waya yana nan ajiye a na'urorin kamfani, in alƙali ya ba da umarni dole su fito da shi. Ban san ko shi waye ba, kuma na tabbata ya manta ya rubuta. Ni kuwa na kama maganar da hannu biyu. Na shiga cikin masu ƙara, na gaya wa Inna. Daga nan duk ranar da ta ga na daɗe a kan waya sai ta tambaye ni ko alƙali ya zauna. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba ta koyi cewa an ɗage.

An kuwa ɗage, an sake ɗagewa. Lauyoyin kamfanin suka ce tun farko ba kotu ya kamata a zo ba, akwai hukumar da ake kai wa koke. Aka shafe zama ana gardamar inda ya kamata a yi gardama. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na yi wa lauyan murya ni da shi, na ba shi labarin tun daga turmin da na hau. Ya kira ni da kansa, kuma Allah ya saka masa, bai yaudare ni ba. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ƙararsu a kan talla ce kawai. Ya ce in na kawo maganar autanmu za su ce gwamnati ce ta rufe sabis, ɓarayi ne suka yi kisa. Na ce duk na ji, ni ba diyya nake nema ba, bidiyon nake so. Ya yi ajiyar zuciya.

"Malama, kamfanin layi hanya ce kawai, ba su ke ajiye shi ba. Inda anka ajiye shi ma an daɗe da gogewa. Babu alƙalin da ka iya buɗe miki shi."

Na gode masa, na je na gaya wa Inna yadda ya ce. Ta ce to. Ba ta sake tambayar alƙali ba.

An yi sulhu a wajen kotu daga baya. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya dai canza kalmomin tallan, ya kuma tura wa kowane mai ƙara kyautar data. Zaure ya cika da barka da hotunan tafi, har da mai cewa an kafa tarihi. Tawa kyautar ta shigo wata rana da hantsi, mai yawa, wadda ko za ni kwana ina kallo ba za ta ƙare ba. Damina ta zagayo, geron bayan garin Isa ya fitar da kai, yara na yawo da tumu a hannu. Na so in yi shiru, amma Inna ta ji ƙarar saƙon ta tambaya, na gaya mata.

Ta ce in kawo mata hoton. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta yadda take yi, ta kalli koren nan na tsawon lokaci. Sannan ta tambaye ni ko yanzu saƙo na tafiya da sauri. Na ce yana tafiya. Ta ce in danna mata wurin magana. Na buɗe baki in tuna mata wayar tana hannun waɗanda suka ɗauke ta, sai na ga ta san wannan fiye da ni. Na danna na riƙe mata. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya kamar yana tsugune a gabanta da zangarniya, ta ce:

"Auta, na gani. Ya nuna. Ka girbe ka taho gida."

Na saki yatsana, saƙon ya fita nan take, ko juyi ɗaya da'irar ba ta yi ba. Alamar da ke nuna ya isa wayarsa ba ta fito ba, har yau kuma ba ta fito ba. Inna ta miƙo mini wayar, ta jawo farantin wakenta ta ci gaba da tsincewa.