Ƙullin Ƙasar Gonarmu

Ranar kasuwar Guci ce, a kakar gyaɗa, 'yan shekaru kafin Nasara su naɗe tutarsu, aka ɗora Yaya Laminu a saman kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Magarya. Shi ne ɗan lakwal, wato makarantar boko, na farko a garinmu da aka zaɓa zuwa babbar makarantar bakin teku, can yamma, inda ƙasa ta ƙare. Inna ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli. Baba kuwa ya zaro wani ƙulli daga aljihu, tsumman baƙin saƙi cike da ƙasar gandunmu, ya miƙa masa. Ya ce, "Ka kai wa malamanku su duba, su faɗa mana abin da ke cinta."

Gonar ta daɗe tana ramewa. Ganyen gyaɗa sai ya yi fatsi-fatsi, in mun tuge, rabin kwanson iska ce. Mu yara muna kwasar kashin shanun makiyaya da suka kwana a gona bayan girbi, mu watsa, mu kori tsuntsaye daga gero, da la'asar mu yi langa a bayan rumbuna har ƙafa ta gaji. A lakwal kuma malaminmu, da muke kira mushe, yana dasa mana sunayen kogunan Faransa, waɗanda har gobe ina jerawa ba tuntuɓe, mu da guganmu ke shan tafiya kafin ya taɓa ruwa. Baba ya ɗauki babbar makaranta kamar malamin zaure ne: ka kai masa damuwarka, ya buɗe littafi, ya ba ka laƙani. Maƙwabta suka yi ta tashi neman sabuwar gona wajen Waca, shi ya ƙi motsi. In an yi masa magana sai ya ce, "Amsa tana hanya."

Da Yaya ya zo bakansi, hutun makaranta, da kwat da tabarau, dattawa suka cika zaure. Bayan gaisuwa ya buɗe akwati ya fito da ƙullin. Ɗaurin Baba ne a jikinsa, ba a taɓa kwancewa ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, can babu wanda ya tambaye ni ƙasarmu. Doka suke koya mana, da yadda ake yi wa kumandan, Baturen mulki, rubutu." Baba ya karɓa da hannu biyu. Na bi shi a baya har gona, na ga ya durƙusa ya kwance, ya mayar da ƙasar inda ya ɗebo ta. Ba a jima ba rairayi ya gaji gonar, sauran yayyena suka tafi dako Kano, Yaya aka tura shi aikin biro, wato ofis, wata ƙasa, can ya tsufa.

Yau akwai jami'a a Damagaram, kuma jikata Zalika tana karatun noma a cikinta. Bara ta zo da 'yan ajinsu a kan babura, suna ɗibar ƙasa a ledoji, suna zama da manoma a gindin gawo. Da ta dawo da sakamako ta ce, "Kaka, ƙasar nan ba ciwo take ba, yunwa ce. Gyaɗa a kan gyaɗa aka yi ta ɗora mata don biyan lanho, harajin Nasara, ba hutu, ba abinci." Na yi mata godiya, na juya fuskata gabas, wajen maƙabarta, inda Baba yake kwance.

Amsar ta iso, a bayan babur ma. Mai tambayar ne ba ta tarar ba.