Yaya Haladu da Satifiket ɗin Wankin Kafet

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haladu, mai wankin darduma a Gumel. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don shi ma ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne. Abin da ya tayar da maganar bana jikata ce, Hadiza. Ta sayi inji ta fara sana'ar wankin kafet, sai ta zo tana tambayata ko ta shiga kwas ɗin da ake ba da satifiket, ko ɓata lokaci ne. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani.

A shekarun saba'in, duk alhajin da ya dawo daga Makka da shimfiɗa mai laushi, in ta yi dauɗa gidan Haladu take zuwa. Daga Maigatari a ɗoro ta a mota ranar kasuwa, daga Gagarawa da Sule Tankarkar a kan jaki. Sai ya kife ta ya kakkaɓe da sanda, ya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle ya ga ko rininta na zuba, ya wanke da sabulun salo, ya shanya a inuwa. Amma inda ba ya wasa shi ne ɗauraya. Ya ɗan yi karatun littafi a zaure, ya riƙe cewa abin da za a ɗora goshi a kai ba ya tsarkaka sai ruwa ya bi ta cikinsa ya fito garau. Ko kana sauri, sai ka jira.

Aikin da ke riƙe da gidansa kuwa na wani masaukin baƙi ne na 'yan kasuwar gyaɗa, inda yake wanke musu shimfiɗu duk wata. Ana nan sai suka kwashe dardumomin, suka sa kafet irin wanda ake mannawa da gam daga bango zuwa bango. Aka ce daga yau ba mai taɓa shi sai wanda ya yi kwas wajen dillalan kafet ɗin a Kano ya samo takarda. Ni ina malamin firamare a lokacin, kaina na hayaƙi. Ni na karɓo fom, ni na cike, ni na matsa masa.

Ya ce, "Kai ɗan boko, takardar ce za ta yi wankin?"

Na ce, "Yaya, kwana uku ne kawai. Ka fi su iyawa, shaida kurum za ka karɓo."

Na raka shi. Aka koya musu zuba kumfa, a murza da injin buroshi, a bari ta bushe, a zuƙe. Ranar jarrabawa ina leƙe ta taga. Wallahi ɗakin da aka ba shi ya fi na kowa haske. Da ya gama ya dubi malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ruwan ɗauraya?" Malamin ya ce ai wannan ba a ɗauraye shi, ya wuce ɗaki na gaba. Yaya ya tsaya yana kallon kafet ɗin kamar an ba shi tuwo ba miya. Sai ya fita famfo ya ɗebo bokiti uku ya sheƙa. Kafin la'asar gam ya saki, bayan kafet ɗin ya tsuke, tsakiya ta yi tudu. Bai samu takarda ba, aikin masaukin kuma ya tafi wajen wani Sale da ya samu.

A mota muna dawowa na yi ta zagin malamin. Yaya ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Bar shi. Ya faɗa min, ni ne ban ji ba. Wannan kafet ɗin ban san shi ba." Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma taɓa cewa ni na jawo ba. Wannan shirun ya fi damuna, har yau. Shekarar nan sai da ya koma noman gero sosai kafin gida ya daidaita.

Da zai ga yau, da injuna a kowane lungu da yara masu takarda a bango, ban jin zai yi musu dariya. Zai tsuguna ya leƙa bayan kafet ɗin, ya tambayi da me aka yi shi. Don haka na ce wa Hadiza ta je ta yi kwas ɗin. Kwana ukun nan sun ƙunshi abin da shekara ashirin ta wanki ba ta koya wa yayana ba, kuma rashinsa ya ci masa abincin gida. Na kuma gaya mata takardar ba za ta sa kowa ya yarda ya ɗora goshinsa a kan aikinta ba. Wannan sai ta nema da kanta.

Abin da ya rage na Haladu ba shi da yawa. Bai bar shago ba, cikin 'ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar. Abin da nake riƙe da shi ranar addu'ar ukunsa ne. Maƙwabta sun aro mana shimfiɗu don masu gaisuwa, kwana uku ana tattaka su da ƙasa. Da aka tashi aka naɗe su, liman ya dube su ya ce wa masu ɗauka, "Kada a mayar wa mutane haka, a fara kai wa Haladu." Sai ya tuna wanda aka taru yi wa addu'a. Muka tsaya da dardumomin a kafaɗa, ba wanda ya san inda za a nufa.