Gabas ɗina ta koma yamma

'Yan ajinmu, yau na ga ikon Allah a tsibirin nan da aure ya kawo ni!

Sati biyu ina sallah ina kallon gabas, yadda muke yi a Gwarzo. Ogan, wato angon nawa, a masallaci yake tasa, bai taɓa lura ba. Yau ya shigo ina tahiya. Ina sallamewa ya ce, "Amarya, Makka fa tana bayanki!"

Caɓ! Wai tsibirin yana gabas da Makka, nan alƙibla yamma take!

Na kira gida a rikice. Inna ta ce, "Tattaro ki dawo, wannan ba garin zama ba ne!"

Baba ya karɓi wayar yana dariya. "Juya dardumar kawai, ki sake sallar yau."

Aure ya tsira, har rawa na taka! Inna dai ta dage, wai Ogan ne ya kama gida a baibai.